Ciwon kan da ba a jira masa wayewar gari

Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan yi rauni a wuri guda ta kumbura, kamar yadda tsohon tub ɗin keke yake fitar da ƙulli inda ya sirance. Akwai kuma wanda aka haifa da jijiyoyinsa a cuɗe, jini na bi ta cikinsu da ƙarfi ba tare da ya ratsa ƙananan hanyoyin da ke rage masa gudu ba. In biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya, haɗarin fashewa ya ƙaru.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a ƙauyukanmu shi ne jira. Mutum na gona ko bakin rijiya, sai kai ya sara masa farat ɗaya, irin ciwon da bai taɓa ji ba, ga amai, wuya ya sanƙare, ido ba ya son haske, alamun jijiyar ta fashe ke nan. Sai a aiki yaro kyamis, a ce a bari zuwa safiya. Asfirin kuwa tsinka jini yake yi, kada a ba shi. Wani ma ciwon yakan lafa a ɗauka ya wuce, alhali jini ne ya ɗan tsiyaya, kuma a yinin farko aka fi tsoron ya sake ɓallewa. A nemi mota nan take zuwa babban asibiti mafi kusa, ko Dutse, ko Birnin Kudu, a roƙi hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙwaƙwalwa. Masu tiyatar ƙwaƙwalwa suna Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

In ya faɗi yana fizge-fizge, ko fatar ido ɗaya ta sauko, nan da nan a ce iska ce. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi masa ita cikin mota. Lokacin zafi kuma akan ce sanƙarau ne, to shi ma ai ba a gida ake maganinsa ba.

Sai hawan jini. Dattijo ya sha magani wata guda, ya ji garau, ya ajiye. Baba, hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Awo in ya kai 140 bisa 90 ya hau, kuma kullum yana dukan wurin nan mai rauni. A ci gaba da magani, a riƙa awo, uwargida ta sassauta hannu wajen gishiri da magi.

Sigari na cinye bangon jijiya, rage kara bai isa ba, bari za a yi.

Wanda likita ya riga ya gano masa kumburin jijiyar, kada ya daina komawa don ba ya jin komai. Girman kumburin ake bibiya, musamman in ya haura milimita 7, ko yana ta wajen ƙeya, ko ya taɓa zubar da jini. In kuma mutum biyu cikin iyaye ko 'yan'uwa na jini sun taɓa yi, a gaya wa likita tun kafin ya tambaya.