Yadda Ake Zaɓen Katin Hoto Da Zai Yi Aiki A Windows Da Linux Da macOS

Masu girka babbar manhaja fiye da ɗaya a kwamfuta guda suna ƙaruwa a Sakkwato. Akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, waɗanda karatu ya kai su ga Linux amma ba su iya rabuwa da Windows ba, akwai kuma masu tace bidiyon biki da na wa'azi da masu zanen kalanda da katin gayyata. Mafi yawansu idan za su sayi katin hoto, wato na'urar da ake soka wa kwamfuta don ta zana abin da ke fitowa a allo, girman ƙwaƙwalwar da aka rubuta a jikin kwali suke dubawa, sai an kai gida an kunna Linux a tarar allo ya yi baƙi, ko hoto yana tafiya da ƙyar. Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya fara rubuta manyan manhajojin da zai yi aiki da su, ya gano wadda ta fi tsauri wajen karɓar kati, sannan ya bar ta ta yi masa zaɓi, domin katin da ya gamsar da mai tsauri ba zai gagari sauran ba.

Abin da ke sa kati ya yi aiki a wata babbar manhaja shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke isar da umarni tsakanin babbar manhaja da katin. Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwayar da ke cikin katunan da ke kasuwa: Nvidia da AMD da Intel. Sunaye irin su Asus da MSI da Gigabyte da Sapphire da Zotac na masu haɗa allo da fanka ne a kan wannan ƙwaya, don haka ba su ke yanke hukuncin inda katin zai yi aiki ba. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce ƙwayar wane kamfani ce, kuma wace lamba ce.

Windows ba ta da wuyar sha'ani, dukkan kamfanonin uku suna yi mata direba. Abin lura kawai shi ne shekarun katin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar katin da ya dace da DirectX 12 mai direba na WDDM 2.0. Katunan Nvidia na GT 710 da yawancin GT 730, waɗanda har yanzu suka cika shagunan kayan hannu saboda arha, direbansu ya tsaya a jerin 470, haka nan jerin 580 shi ne na ƙarshe ga GTX 750 da dangin GTX 900 da na GTX 1000. Irin waɗannan katuna suna kunnawa, amma wanda ya saya yau ya sani cewa ya sayi abin da mai shi ya fara janye hannu daga kansa.

A Linux ne bambancin yake fitowa fili, kuma nan ya kamata a tsaya a natsu. Direban AMD mai suna amdgpu yana cikin kanel na Linux, wato zuciyar babbar manhajar, tun 2015, sauran aikin kuma tarin manhajar Mesa ke yi, ita ma tana zuwa tare da Ubuntu da Linux Mint da Fedora da Debian. Ma'anar wannan ita ce kana soka katin AMD ka kunna kwamfuta, hoto zai fito daidai ba tare da ka sauke komai daga intanet ba, abin da duk wanda ke sayen data da kuɗinsa ya san darajarsa. Akwai wata fa'idar kuma: AMD ta daina yi wa tsofaffin katunanta na dangin HD 7000 da R9 sabon direba na Windows tun 2021, amma a Linux suna ci gaba da aiki saboda direban a buɗe yake, masu sa kai suna kula da shi. Sharaɗi ɗaya shi ne kada katin ya fi kanel ɗinka sabunta. Katin da ya fito bana ba zai zauna lafiya da Linux ɗin da aka fitar shekara biyu da suka wuce ba, sai an sabunta kanel da Mesa.

Intel ma haka take, direbanta a buɗe yake. Katunan Arc na jerin A, waɗanda suka fito a 2022, suna buƙatar kanel 6.2 ko sama da haka, shi kuwa B580 na ƙarshen 2024 yana buƙatar 6.12. Saboda haka Debian 12 mai kanel 6.1 ba za ta ɗauki Arc kai tsaye ba, Ubuntu 24.04 mai kanel 6.8 kuwa za ta ɗauki jerin A. Sai dai Arc ba ya sakin ƙarfinsa sai babban allon kwamfuta, wato madabod da ake soka katin a kai, yana da abin da ake kira Resizable BAR, wanda Intel ta ce ana samu daga ƙwaƙwalwar sarrafawa (CPU) ta Core zubi na 10 da Ryzen 3000 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin tebur na tokumbo da ke hannun mutane a nan sun girme wannan, shi ya sa ba na ba mai tsohuwar kwamfuta shawarar Arc.

Nvidia kuwa tata hanyar daban ce. Direban da Linux ke zuwa da shi, mai suna nouveau, ya isa ya nuna hoto, amma a katuna da dama ba ya fitar da cikakken ƙarfinsu, don haka dole a girka na kamfanin, wanda saukarsa ke cin ɗaruruwan megabait. Ubuntu da Mint sun sauƙaƙa wannan aiki, akwai wurin da ake shiga a zaɓi direba a danna. Al'amarin ya gyaru sosai a 'yan shekarun nan: a watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direbansa da ke shiga kanel ga katunan GTX 1600 da RTX 2000 zuwa sama, sannan direba na 555 da ya fito a 2024 ya magance yawan ƙyaftawar allo da ake fama da ita a Wayland, sabon tsarin nuna hoto na Linux. Duk da haka mai katin Nvidia yana da ɗawainiyar da mai AMD ba shi da ita, domin duk lokacin da kanel ya sabunta sai direban ya bi shi, idan kuma katin tsoho ne wanda direbansa ya tsaya, wata rana sabon kanel zai wuce ya bar shi.

Wannan ba ya nufin a guje wa Nvidia. Idan aikinka ya dogara da CUDA, wato fasahar da ke sa katin hoto ya yi lissafi mai nauyi, kamar ɗalibin da ke horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da PyTorch, ko mai tace bidiyo da DaVinci Resolve a Linux, to Nvidia ce hanyar da ta fi miƙewa, domin CUDA nata ne ita kaɗai. AMD tana da makamancinsa mai suna ROCm, amma katunan da yake tallafa wa a hukumance ba su da yawa, kuma girka shi yana buƙatar haƙuri. Ga irin wannan mutum, RTX 3060 mai ƙwaƙwalwa gigabait 12 ya fi masa amfani a kan wani sabon kati mai gigabait 8, tun da a wannan aiki ƙwaƙwalwar ce ke fara cika. Blender kuwa, na zanen 3D, yana aiki da katunan kamfanonin uku.

Da zarar macOS ta shigo lissafi, fili ya ƙuntata ƙwarai. Tun fitowar macOS Mojave a 2018 babu sabon direban Nvidia a macOS, High Sierra ce ta ƙarshe da aka yi wa. Katunan Arc ba su taɓa aiki a can ba. Kwamfutocin Mac masu ƙwayar Apple, daga M1 na 2020 zuwa yau, ba sa karɓar katin hoto na waje ko kaɗan. Abin da ya rage shi ne Mac mai ƙwaƙwalwar Intel, kamar Mac Pro na 2019 ko kuwa wanda ke da kafar Thunderbolt 3 da ake jona wa akwatin kati na waje, kuma wasu katunan AMD kawai yake karɓa, kamar RX 570 da RX 580 da Vega 56 da 64 da RX 5700, sai RX 6800 da RX 6900 XT daga Big Sur 11.4, sai RX 6600 XT daga Monterey 12.1. A kula da kyau, RX 6700 XT ba ya cikinsu duk da lambarsa tana tsakanin waɗanda ke aiki, haka RX 6400 da dukkan dangin RX 7000. Apple ta kuma sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga Mac mai Intel, kuma lasisinta bai yarda a girka macOS a kwamfutar da ba tata ba.

A ganina, wanda ke son kati ɗaya ya yi masa hidima a manyan manhajojin uku ya nemi RX 6600 XT, idan aljihu bai kai ba ya koma RX 580 mai gigabait 8. Wanda ke tsakanin Windows da Linux kawai, kuma ba ruwansa da CUDA, ya ɗauki AMD ya huta.

Sai dai dacewa da manhaja rabin aiki ne a garin da wuta ba ta tsayawa. Ramin PCIe da ake soka katin yana ba da wat 75 ne kawai, abin da ya haura haka sai ta wayar wuta mai baki 6, wadda ke ƙara wat 75, ko mai baki 8 da ke ƙara 150. RX 580 yana jan kimanin wat 185, RX 6600 XT kimanin 160, RTX 3060 kimanin 170, RTX 4060 kimanin 115. Ƙananan kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake kawowa daga Legas da Kano akasari akwatin wutarsu ƙarami ne, ba shi da wannan ƙarin waya, kuma jikinsu siriri ne, babban kati ba ya shiga. Irinsu sai gajeren kati marar buƙatar ƙarin wuta, kamar RX 6400 mai wat 53, ko GTX 1650, ko RTX 3050 mai gigabait 6. Mai tace bidiyo ya sani cewa RX 6400 ba shi da ɓangaren da ke matse bidiyo, aikin zai koma kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda kuma yake aiki da sola da inbata ya lissafa bambancin wat 100 a tsawon awannin dare, zai ga yadda batir ke saurin sauka. Kada a yarda da 'yar wayar da ke ɗauko wuta daga wayar faifan ajiya ta kai wa babban kati, tana iya zafi har ta narke.

Zafin Sakkwato ma abin lissafi ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana haura digiri 40, iskar da fanka ke jawo wa katin tun daga farko mai zafi ce, kuma kati idan ya yi zafi da yawa yana rage gudunsa da kansa don ya tsira. Da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga tsakanin siraran ƙarafan da ke sanyaya shi ta daskare kamar auduga. Don haka kati mai fanka biyu ya fi mai ɗaya, mai ƙarancin cin wuta kuma ya fi su duka sauƙin riƙo. A riƙa busa shi da bulowa lokaci zuwa lokaci, a dafe fankar da yatsa yayin busawa don kada ta yi juyin da ya wuce ƙa'ida.

Kafin ka biya kuɗi, ka gwada. Ka tafi shago da filash mai ɗauke da Linux Mint wanda ake kunnawa ba tare da an girka ba, ka roƙi mai shago ya soka katin a kwamfutarsa, a tayar da ita daga filash ɗin. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta inxi -G. Layukan farko za su nuna sunan ƙwayar da direban da ke tuƙa ta. Idan katin na AMD ne ka ga amdgpu, kuma a ƙasa sunan katin ya sake fitowa a matsayin mai zana hoto, to lafiya lau. Idan kuwa ka ga kalmar llvmpipe, ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke zana hoton, katin yana zaune ne kawai. A Windows ka yi amfani da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka kuma bar wani aiki mai nauyi yana gudana na kusan rabin awa kana duba zafi, kana sauraron fanka, kana lura ko wasu ɗigo ko layuka masu launi za su bayyana a allo.

Wannan gwaji yana da muhimmanci saboda jabu ya yi yawa. Akwai tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna a sayar a matsayin GTX 1050 Ti, kuma alamar da ke tona shi ita ce shuɗiyar kafar VGA a bayansa, domin ƙwayar dangin GTX 1000 ba ta fitar da irin wannan hoto. Akwai kuma RX 580 mai ƙarin rubutun 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin, ƙarfinsa kusan na RX 570 ne, kuma macOS ba ta gane shi kai tsaye. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwar kayan hannu, kuma RX 570 da RX 580 suna cikin waɗanda aka fi haƙa da su. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankarsu da man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya sun gaji, sai a sa kuɗin canza su cikin ciniki. Ka nemi mai shago ya rubuta a rasit kwanakin da za ka iya mayar da katin idan bai yi ba.

Idan an kawo shi gida, a fara cire tsohon direba a Windows, musamman idan daga wani kamfani aka koma wani, manhajar DDU tana yin wannan da kyau. Wayar allo ta koma bayan katin, kada a bar ta a kafar babban allo. Mai allon da VGA kaɗai yake da shi zai buƙaci 'yar na'urar da ke juya HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Mai katin Nvidia da ya bar tsarin tsaro na Secure Boot a kunne saboda Windows 11, wataƙila Linux ta nemi ya ƙirƙiri kalmar sirri yayin girka direba, sannan idan ya sake kunna kwamfuta shuɗin allo ya fito yana neman ya yi rajistar makulli. Ya zaɓi yin rajistar ya shigar da kalmar, domin idan ya tsallake wannan mataki direban ba zai tashi ba.