Masu tafiya Umara daga Kano zuwa Jidda, ku lura da agogo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kusan kilomita 3,400. Jirgin da ya miƙe kai tsaye yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar, amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage suke kauce wa sararin samaniyarta, sai tafiyar ta ƙara tsawo.

Inda mutane ke rikicewa shi ne lokacin da ke jikin tikiti. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, kuma lokacin saukar da aka rubuta agogonsu ne. In ka ga tashi 10 na dare, sauka 6 na safe, awa shida ce a sama. Mai zuwa tarbarka ma da agogon can za ka yi masa magana.

Tikitin da ke biyawa ta Addis Ababa ko Alƙahira yakan fi araha, sai dai ka duba awannin jira tukuna. In da tsoho ko mai ciwon ƙafa a tafiyar, ni dai ban ga ribar arahar ba.

Wanda zai wuce Makka kai tsaye ya sa haraminsa a jakar hannu, ko ma ya ɗaura tun a Kano, domin a sama za a ƙetare miƙati. Banɗakin jirgi matsattse ne, ga layi da zarar an yi sanarwa. Mai fara zuwa Madina kuwa sai a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗaura.