Ga masu gyaran AC da ke son kafa nasu a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya iya gyaran firji da AC tun a gida, ya zo Amurka yana son ci gaba da sana'ar, ya fara da takardar EPA 608, wato shaidar ƙwarewa a aikin gas ɗin sanyaya da hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta wajabta. Dokar tarayya ce. Babu ita, ba ka da izinin taɓa gas ɗin na'ura, kuma dillali ba zai sayar maka da tukunyar gas ɗin AC irin R-410A ba sai ya ga katinka na wannan shaida.

Kashi huɗu ce. Ta 1 ta ƙananan kaya ce irin firjin gida da AC na taga, ta 2 ta na'urorin gidaje da shaguna, ta 3 ta manyan injunan sanyaya dogayen gine-gine, sai Universal da ta haɗa duka. Ni dai na ce ku daure ku yi Universal kai tsaye, tunda wa'adinta ba ya ƙarewa. Wanda ya tsaya a ta 1, ranar da aka kira shi gyaran AC na gida guda sai dai ya yi kallo.

Amma fa katin nan ba lasisin kamfani ba ne, nan mutane ke ruɗewa. Lasisi kowace jiha da tsarinta. A Texas sai ka yi wata 48 ƙarƙashin mai lasisi, ka ci jarrabawa, ka nuna inshora. Jihar New York kuwa ta bar maganar a hannun birane da ƙananan hukumomi.

Saboda haka tun kana yaron shago, ka riƙa adana takardun albashi, ka sa maigidanka ya sa hannu a shaidar watannin da ka yi.