Kurakuran da ke cinye guzurin mai zagaya Nijar a mota

A nan Tawa ba a koya wa mutum tafiya. Adarawa sun daɗe suna cin rani har Abijan da Libiya. Amma zagaya ƙasarmu ita kanta, wata biyu ko uku a kan hanya, a bi ta Maraɗi zuwa Damagaram, a haura Agadas ta Tanut, a gangaro ta Abalak, wannan wani lissafi ne dabam. Ɗan cin rani wuri guda yake zuwa ya zauna ya nema. Mai zagaye kuwa kullum sabon zuwa ne, kuma sabon zuwa komai saye yake yi. Ko ziyarar dangi da malamai ce ta fitar da kai, ko neman kasuwa, ko kawai kana so ka ga ƙasar da idonka, inda kuɗin ke zurarewa kusan ɗaya ne.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lissafin tikiti kaɗai. Mutum ya je tashar Rimbo ko STM ko Sonef, ya tambayi kuɗin kar, wato babbar motar fasinja, gari-gari, ya haɗa, ya ce guzuri ya cika. Alhali kwanakin da za ka yi a zaune sun fi na cikin mota cin kuɗi nesa ba kusa ba. A ce jikka biyu, wato sefa 2,000, kake kashewa a yini, daga shayi da burodin safe, dambu da rana, ruwan leda, cajin waya, zuwa kabu-kabun da zai kai ka unguwa. A kwana 90 ka ci sefa 180,000, ba ka biya ɗaki ba, ba ka yi zazzaɓi ba. Saboda haka ka fara ƙirga kwana, ka sa wa kowace rana kuɗinta, tikiti ya zo daga baya.

Masauki na rage nauyi sosai in kana da dangi, amma baƙo raɓa ne. Kwana biyu ko uku, ka miƙa wa uwargida ɗan abin cefane, ka yi gaba tun ana marmarinka. Da yake kar na tashi tun kafin asuba, manyan tashoshi na barin mai tikiti ya shimfiɗa tabarma ya kwana, wannan ma kuɗin ɗaki ne ka tsira da shi.

Sai maganar inda kuɗin zai fito. Yawanci adashe ake dogara da shi, kuma nan ake tafka babban kuskure: mutum ya roƙi uwar adashe ta ba shi kwasar farko, ya ɗauka ya hau mota. Kwasar farko bashi ce. Kana Difa za a kira ka ranar zubi, ka cire daga kuɗin abincinka ka aika, mako mai zuwa ma haka, har guzurin ya koma inda ya fito. Wanda ya san zai yi tafiya da rani, tun damina ya kamata ya shiga adashen, ya nemi kwasar ƙarshe, ya tashi babu mai binsa ko dala. Haka bashin da ke da ruwa. Bashin jari ana iya muhawara a kai, amma cin bashi don a ci tuwo a hanya ban ga ta inda zai fitar da mutum ba.

Masu sayar da dabba su yi guzuri kuma lokaci ne ke cutarsu. Ragon da za ka kai kasuwar Lahadi a ƙarshen rani, ƙashin haƙarƙari a waje, ba shi ne ragon da ya sha dusa ana saura mako biyu Babbar Sallah ba. In kana da babur, maimakon ka sayar, ka ba amintacce ya yi kabu-kabu, wani babba a gida ya riƙa karɓar kuɗin mako yana tura maka. Abin da ke shigowa kaɗan-kaɗan ya fi dunƙulen da ke raguwa kullum.

Wasu sun gane cewa tafiya za ta iya ciyar da kanta, sai su riƙa ɗan fatauci. Dabara ce mai kyau, domin kowane yanki da abinsa: albasar Galmi, cukun Abalak, kilishin Madawa, tattasan Difa, dabinon Kawar da lemun Timiya a kasuwar Agadas. Matsalar ita ce zuba jari da guzuri a aljihu guda. Ka sayar da cuku a Maraɗi, ka ji aljihu ya yi nauyi, ka ci nama, ka sayi takalmi, ranar da za ka sari wani kaya sai ka tarar uwar kuɗin ta tafi. Riba kaɗai ake ci, ita ma bayan an cire kuɗin kaya na mota da la'adar dillali. Kuma ka zaɓi abin da ba ya lalacewa. Buhun albasa a kan mota cikin zafin Afrilu, in ba ka da mai saye a ƙasa yana jira, kana kallo zai fara wari. Ranar kasuwa ma a sa ta a lissafi: Maraɗi Litinin da Juma'a, Damagaram Alhamis. Wanda ya sauka washegarin kasuwa zai zauna yana cin jarinsa har ta zagayo.

Mai sana'ar hannu ya fi kowa sauƙi. Wanzami, mai gyaran waya, magini, tela, duk za su iya tsayawa mako guda a gari su cike gurbin abin da suka kashe, muddin ba su bar kayan aiki a gida ba.

Ɗaure duk kuɗin a ƙugu tsohon yayi ne. Yanzu akwai kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza a kusan kowane babban gari, ga Airtel Money da Moov Money a waya. Ka ajiye, ka riƙa cire na mako guda. Sai dai kada ka wuce gona da iri, ka shiga ƙauye babu tsaba, inda waya ba ta kamawa, mai fura kuma ba ta da canjin jikka goma. Kafin ka bar gari ka fasa manyan takardu. Katin ɗan ƙasa kuma ya zauna a jikinka, da shi ake cire kuɗi, shi jandarma ke tambaya a shinge. A Ƙwanni da Maraɗi za ka ga naira na yawo, ka karɓa in dole, amma kada ta kwana da yawa a hannunka. Tun 2023 ta zube ƙwarai, sefa kuwa a ɗaure take da yuro.

Mai motar kansa yakan ɗauka shi ne ya huta. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 90, a farashin sefa 499 da gwamnati ta sa a Yulin 2024, kusan jikka 45 ke nan zuwa kaɗai. Ba a zo kan taya ba, da juyen mai, da kuɗin shingen hanya. A Maris na 2025 an ga yadda mai ya yi wuya har a Yamai, a irin wannan ranar ɗan ruwa-ruwa, mai sayar da mai a bakin hanya, shi ke yanka maka farashi. In ba ku kai uku ko huɗu da za ku raba kuɗin man ba, shiga kar ya fi araha.

Akwai kuma mai ba ka ƙunshi a tasha ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, kai wa yayana a Agadas, ga na goro." In ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki ba, ka ba shi haƙuri. In aka samu ƙwaya a shinge, a hannunka aka samu.

Hanya ma takan tsaya. Difa na cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, wasu sassan Tilaberi da jihar Tawa tun 2017, akwai inda aka hana babur, akwai inda sai da rakiyar soja ake wucewa, da damina kuma gulbi kan yanke hanya a yi kwanaki ana jira. Don haka kuɗin komawa gida daga wuri mafi nisa da za ka kai, haɗe da na abincin kwana uku da na magani, ka bar su a hannun wanda ba ya jin kunyar hana ka, mahaifiya ko babban wa, da sharaɗin ba zai turo ba sai ka ce ga ka a tasha za ka sayi tikitin Tawa.