Kurakuran da ake yi wajen gyaran tsatsa da fentin tsohuwar mota

Abin da ke ban takaici shi ne mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar ya kai tsohuwar motarsa fenti, ko Golf 3 ce ko Carina E ko Hiace ta haya ko 504 ɗin nan da aka harhaɗa a Kaduna, mota ta fito tana ƙyalli kowa na cewa Allah ya sanya alheri, damina ɗaya kawai sai ka ga gindin ƙofa ya fara kumbura, ka danna da yatsa ya fashe jan ruwa ya fito. Sai a ce fentin ne ba mai kyau ba. Wallahi sau da yawa fentin ba ruwansa, tun kafin a ɗauki gan, wato abin fesa fenti, aka lalata aikin.

Babban kuskuren shi ne rufe tsatsa maimakon a cire ta. Yaron gareji zai goga sanfefa sama-sama, wurin ya ɗan yi santsi, ya shafe da fila, wato kwaɓin nan da ake cike lotsawar bodi da shi, shikenan. To ai kamar shafa hoda ne a kan ƙurji, tana nan a ƙasa tana ci. Sai an kankare da giranda ko burushin ƙarfe ko sanfefa mai kaushi lamba 80 har farin ƙarfe ya fito, kuma a ɗan zarce gefen wurin, don tsatsa tana bin ƙarƙashin fentin da ka ke ganin lafiyarsa lau. Ƙananan ramukan da sanfefa ba ta kaiwa ciki, nan ne ake sa maganin tsatsa ɗin nan da ke mayar da ita baƙa, amma fa shi ma ba a zuba shi kan ɓawon tsatsa mai kauri, a kankare tukuna.

In kuwa ƙarfen ya riga ya huje, don Allah kar ka yarda a cusa maka kwali ko raga ko jarida a bi da fila. Yankewa ake yi a sa sabon ƙarfe a yi walda, ba wata dabara. Kuma a tuna da bayan waldar, zafin wuta ya ƙone duk abin da ke kare ƙarfen ta ciki, in ba a shafa masa firaima ba, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti, ta nan tsatsar za ta dawo, da sauri ma. Wanda zai yi walda a ƙasan mota ya cire kan batir, ya kuma san inda tanki da layin mai su ke.

Ita fila ɗin kanta akwai magana. An yi ta ne don cike ɗan lotsawa, ba don gina bodi ba, in kaurinta ya wuce kamar milimita 6 to jira kawai ka ke ta tsage. Fanalbita ya fara buga ƙarfen ya miƙe iya ƙoƙarinsa. Sannan wannan al'ada ta goge fila da ruwa, ka ga yaro da bokiti da soso yana ta darza, gaskiya a daina. Fila tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin ƙarfe, sai a fesa fenti a kai a kulle danshin a ciki. A busasshe ake goge ta, a fara da 80 a koma 180, gogar ruwa sai an zo kan firaima da lamba 600 ko 800.

Wani abin kuma barin ƙarfe tsirara. An kankare yau, oga ya tafi wani aikin, mota ta kwana biyu a fili cikin watan Agusta, kafin a dawo ta sake yin ja. Ranar da aka kankare a ranar za a goge ƙura da maiƙo a fesa firaima, in da hali epoxy, don firaima ta gama-gari ba ta hana ruwa shiga, wanda ke yawo da mota wata da watanni da firaima kaɗai shi ma yana cutar kansa.

Ranar fenti a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa, in ba haka ba gan zai riƙa tofo shi cikin fentin. Kar a cika tina, ruwan tsinka fenti, don fenti ya auku, kar a zuba hadina, mai sa fenti ya ƙame, da ka, a bi awon da ke jikin gwangwani. Fenti a fili lokacin hunturu kuma ƙura za ta zauna a kai ko an ƙi ko an so, a samu rufaffen wuri a yayyafa ruwa a ƙasa. Ku kuma masu fesawa, ƙyallen da ku ke ɗaurawa a hanci ba ya tare komai, hadinan nan yana lalata huhu, ku nemi takunkumin fenti mai matata, lafiyarku ta fi kuɗinsa.

Mu masu mota ma da namu. Sai saura kwana uku Sallah mu kawo mota mu ce lallai gobe, mu kuma matse kuɗin aiki, to me mai gyaran zai yi in ba rufa-rufa ba? Kuma ido na kan bonet da ƙofofi, ba mai leƙa inda ruwan ke shigowa. A ɗaga kafet a duba ƙasa, a duba ramin sifiya taya a but, mazaunin batir da ruwansa ke cinyewa, robar gilashin gaba, da ƙananan ramukan ƙasan ƙofa da laka ke toshewa, a zura waya a buɗe su. In motar daga Kanada ta zo ko arewacin Amurka, inda su ke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a hau da ita rami a ƙwanƙwasa ƙasanta da guduma kafin ma a yi cinikin fenti, in shasi ya ruɓe shi za a fara gyarawa.