Yadda Ake Kula Da Aikin Mayar Da Filin Masallaci Ko Coci Gidajen Haya Masu Sauƙi

Na ga kwamitoci da dama sun shiga wannan aiki da zuciya ɗaya, suna da fili ko tsohon gini da ba a amfani da shi, ga mutane a gefensu kuɗin haya ya sha musu kai, sai a ce to me zai hana mu gina musu gidaje. Niyya ce mai kyau wallahi. Amma kusan dukkansu a wajen takarda suke tuntuɓe, tun kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya. Ni ma can na tuntuɓe, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Abu na farko, ku binciko na waye filin a hukumance. Kar wani ya ce muku "ai namu ne tun kakanni" ku yarda ku wuce. A fito da takardar mallaka a ga sunan da ke jiki, don sau da yawa za ku tarar sunan amintattu ne, wato waɗanda aka damƙa wa riƙon filin a madadin jama'a, da suka rasu tuntuni, ko sunan uwar ƙungiya ko hedikwatar ɗarika, ba sunan jama'ar da ke ibada a wurin ba. In waƙafi ne to a nemo sharaɗin wanda ya bayar. Malaman fiƙihu suna ɗaukar sharaɗin mai waƙafi da nauyi sosai, kuma asalin abin shi ne filin da Sayyidina Umar ya samu a Haibar, wanda aka riƙe asalinsa aka sadaukar da amfaninsa, ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Musanya waƙafi da wani, wato istibdali, Hanafiyya sun fi sassauci a kai in alƙali ya amince, Malikiyya kuwa suna da tsanani a kan fili da gida. Don haka ku tambayi malami masanin wannan babi tun yanzu, kar ku bari sai an zuba kankaren bene sannan wani ya taso da fatawa. Ɓangaren coci ma haka ne, akwai majalisar da sai ta sa hannu. A Ingila dokar ƙungiyoyin agaji ta 2011 tana neman amintattu su samo sharuɗɗa mafi kyau da za a iya samu in za su rabu da fili, kuma wannan na cikin abubuwan da rahoton gidaje na kwamitin manyan limaman Cocin Ingila ya tattauna a 2021, saboda yana iya hana a ba da fili da araha ko da niyyar alheri ce.

Na biyu, jama'a. A kira taro, a yi bayani, a rubuta abin da aka yanke a sa hannu. Akwai dattijon da a wannan filin aka ɗaura masa aure, akwai tsohuwar da a nan ta yi karatun allo ko ajin Lahadi, ba za su so su ga katafila a wurin ba kuma suna da gaskiyarsu. Ku saurare su da kyau. In akwai kaburbura a wani ɓangare, a cire wannan ɓangaren daga lissafi kawai, ni dai ra'ayina kenan, kar ma a buɗe muhawara.

Na uku, ku ɗauki lauyanku na kanku da sabiyonku, wato mai awon fili, na kanku. Na san kuɗi ne, na san kwamiti zai ce kamfanin ginin ai sun ce lauyansu zai rubuta komai kyauta. Lauyan kamfani aikin kamfani yake yi, shi ke biyansa. In baitulmalinku ba zai ɗauka ba a yi gidauniya ta musamman don wannan kaɗai. Kuma ko da akwai lauya a cikin jama'arku da zai taimaka fisabilillahi, ku tabbata harkar filaye yake yi, don wanda ya saba da shari'ar laifi ba lallai ya gane tarkon da ke cikin yarjejeniyar haya mai shafi hamsin ba. Sabiyo ya auna iyaka, injiniya ya gwada ƙasa, a je ofishin tsara gari a ji ko an yarda a yi gidajen kwana a wurin da hawa nawa. Wannan izinin kaɗai yana kashe ayyuka da yawa, har jihar Kalifoniya a Amurka sai da ta yi doka a 2023 da ta sauƙaƙa wa wuraren ibada gina gidaje masu rahusa a filayensu ba tare da doguwar hanyar sauya tsarin unguwa ba.

To yanzu ga inda muka sha wuya, yarjejeniya da mai gini.

Mu dai mun zauna da mutumin, mai fara'a, yana kawo ayoyi, muka amince a baki cewa gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne, a takarda kuma aka rubuta "haya mai sauƙi" shi kenan. Da aka gama gini ya sa kuɗin da ya ga dama, muka je muna ƙorafi ya ce ai idan aka kwatanta da unguwar masu kuɗi wannan sauƙi ne. Ba mu da abin riƙewa. Mutanen da muka yi abin dominsu, masu gadi da masu shara da zawarawa masu marayu, ko ɗaya bai iya kama ɗaki ba, kuma har yau abin yana ci min rai.

Saboda haka kalmar "sauƙi" sai an mayar da ita lamba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kar haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da gida ke samu. A rubuta su waye ake nufi, masu samun ƙasa da kaza, gida nawa cikin nawa aka ware musu, misali in gida 40 ne a ce 30 nasu ne 10 a bayar a farashin kasuwa don su ɗauki nauyin sauran. A rubuta yadda za a riƙa ƙarin haya da iyakar ƙarin a shekara. A rubuta tsawon shekarun da sharaɗin zai yi aiki, ni na fi son ya kai ƙarshen yarjejeniyar gaba ɗaya. Shirin rangwamen haraji na gidaje masu rahusa da Amurka ta kafa a 1986 yanzu yana ɗaure gidajen shekara 30 ne, kuma an sha ganin wa'adi na cika a mayar da su farashin kasuwa. Sannan wannan sharaɗi a yi masa rajista a jikin takardar filin a ofishin filaye, yadda ko kamfanin ya sayar da hannun jarinsa ga wani, sabon mai shi zai tarar da shi a ɗaure.

Kar ku sayar da filin. Ku ba da shi haya mai dogon zango, shekara 50 ko 60 ko har 99 in banki ya matsa, ƙasa taku gini nasu, wa'adi na cika gini ya dawo hannunku. Amma a nan ma akwai rami, kar a tsayar da kuɗin hayar filin wuri ɗaya har abada. A zamanin Daular Usmaniyya an yi tsarin haya biyu a kan kadarorin waƙafi, mai haya ya biya babban kuɗi a farko don a gyara gini sannan ya riƙa biyan ɗan ƙarami duk shekara, da tafiya ta yi tafiya ɗan ƙaramin ya zama ba komai, kadarar ta koma kamar ta mai haya da magadansa. Don haka a sa sharaɗin sake duba kuɗin duk bayan shekara 5 ko makamancin haka.

Sai maganar jingina, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Mai gini zai ci bashin banki, banki zai nemi abin riƙewa. Abin da za a jinginar shi ne haƙƙin hayarsa da gininsa, ban da asalin filinku. In kuka sa hannu aka jinginar da takardar mallaka, ranar da kamfanin ya karye har wurin ibadar na iya shiga gwanjo in takarda ɗaya ce ta haɗa su, shi ya sa a raba filin gida biyu a hukumance tun farko. A kuma rubuta abin da zai faru in ya yi watsi da aiki a rabi: wa'adin fara gini, wa'adin gamawa, da ikonku na karɓewa ku kawo wani. Kuma duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da kamfanin, ɗan'uwa ne ko suruki ko abokin kasuwanci, ya faɗa a fili ya fita daga ɗakin lokacin ƙuri'a. Tsintsiya ɗaya ce ku, amma kara guda in ya ruɓe sai ya ja sauran.

Kuɗin aikin yawanci haɗe-haɗe ne, bashi da tallafin gwamnati da gudummawar masu hali. Ga masu gudun riba akwai musharaka, wato haɗa jari a raba riba da asara, da istisna'i, wato kwangilar a gina maka abu a kan kuɗin da aka yanke tun farko, kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da asusun bunƙasa kadarorin waƙafi tun 2001. Ku tambayi akanta batun haraji, don a ƙasashe da yawa filin ibada ba ya biya amma da zarar ya fara kawo kuɗin haya lissafi ya canza.

Lokacin gini ku naɗa mutum ɗaya tak da zai riƙa magana da ɗan kwangila, in kowa na ba da umarni sai a rasa na bi. A biya mataki mataki bayan injiniyanku ya duba ya sa hannu, a riƙe kamar kashi 5 cikin 100 har sai an shekara ko aƙalla wata 6 an ga inda ke yoyo. Duk canjin da za a yi a zane a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa. Ku kula da hanyar shiga, ta masu ibada daban ta masu haya daban, da wurin ajiye motoci ranar Juma'a ko Lahadi.

Rabon gidaje a yi shi da fam da ka'ida a rubuce, in masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a, kuma in kuɗin gwamnati ya shiga ba ku da damar cewa sai 'yan addininku. Karɓar haya a ba kamfani ko ma'aikaci, kar a ɗora wa liman ko fasto, don ba zai iya korar wanda yake gani a sahu ba kuma bai kamata a sa shi a wannan matsayi ba. Daga hayar watan farko a fara ware kuɗin gyara a asusu na daban mai sa hannun mutum biyu, rufi da famfo da sokawe duk za su nemi kuɗi nan da 'yan shekaru.