Hazon haske da fatalwa a hoto: kurakuran da aka fi yi

Ranar hawan sallah a Garwa ko Marwa, in rana ta yi yamma kuma dawakai sun doso daga inda take, hoto kan fito fari fat kamar an barbaɗa masa toka, ko wasu ɗigo kore su jeru a fuskar mahayi. Na farkon shi ne hazon haske, na biyun fatalwa. Tushensu ɗaya: gilashin kyamarar da ba a yi wa shafen rage dawowar haske ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, zum kuwa, wato gilashin da ke jawo nesa kusa, galibi gilasai fiye da goma ne a cikinsa, sai haske ya yi ta kai-komo kafin ya isa sensa, wato ɓangaren kyamara da ke ɗaukar hoton.

Babban mai laifi shi ne filta mai araha da ake ɗaurawa don kare ƙura. Gwada da dare: saita fitilar titi a gefen hoto. In wani ɗigo ya bayyana a ɗaya gefen, daura da ita ta tsallaken tsakiya, kwance filtar ka sake ɗauka. Galibi ɗigon zai ɓace, domin hasken da ya dawo daga sensa ne yake bugun filtar ya koma ciki. A ganinmu filta na da amfani lokacin hunturu, amma a sayi mai shafe hawa-hawa, kuma a cire ta wajen bikin dare.

Sai hular gilashi, mai tare hasken da ke shigowa ta gefe, da mutane ke bari a juye kamar ado. Juya ta daidai. Ta wani gilashin kuma kan duhunta kusurwoyi. In ranar tana cikin hoton, hula ba ta da abin yi, matsa taku biyu ka ɓoye ta bayan dogon yaro ko hasumiya.

Goge gilashi da bakin riga ɓarna ce. Ƙurar hunturu tana da tsakuwa, tana kankare shafen, maiƙon yatsa kuma shi ke ja wa fitilu dogayen wutsiyoyi, har a waya. Fara hure ƙurar da 'yar robar iska, ɗiga ruwan gogewa ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙyalle mai laushi (ba a kan gilashin ba), ka zagaya daga tsakiya zuwa baki.

Matse ƙofar haske ta zama ƙarama, kamar f/16, ba ya korar fatalwa, sai dai ya fito da gefunanta raɗau.